Waiwaye: Gidajen haihuwar Zariya na da, da masu cigiyar danginsu

A wani layi na Sabon Gari, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, akwai tsohon gida mai baranda wanda aka yanka gabansa aka fitar da shaguna uku. Ɗaya na tela ne, ɗaya ana sayar da buhunan ruwa, na ukun kullum a kulle. Watan jiya na kai Gwaggona wurin. Ta daɗe tsaye tana kallon ginin, sannan ta nuna taga ta biyu daga hagu ta ce, "Ɗan nan, a ɗakin can ƙanwata ta sauka. Ni na riƙe mata kwanon ruwan zafi a bakin ƙofa." Telan da na tambaya shekararsa goma sha ɗaya a shagon, kuma bai taɓa jin cewa gidan haihuwa ne a da ba.

Rabon gado ne ya kai mu. Kakanmu ya rasu ya bar gida a cikin birni, ba a raba ba, aka yi ta zama a haka har jikoki suka yi furfura. Da aka tashi rabo bana, malamin da aka kira ya tambayi 'ya'yan da suke raye ranar da mai gidan ya cika. Aka lissafa har da autarsu mace, wadda ta rasu bayansa da shekara biyu, ta bar jariri namiji. Malam ya ce ai kasonta yana nan: mijinta na da rubu'i, mahaifiyarta na da sudusi, ragowar na ɗan ne. To ina ɗan? Dangin ubansa sun ɗauke shi yana ɗan wata uku, uban ma'aikacin reluwe ne, aka yi masa canjin wurin aiki, daga nan zumunci ya yi ta sirancewa har ya tsinke. Abin da Gwaggo ta riƙe shi ne an haife shi shekarar da aka canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira, wato 1973, da sanyin hunturu.

Wanda duk ya shiga irin wannan cigiya a Zariya zai tarar tarihin haihuwa a garin hawa-hawa ne, kowane hawa kuma da irin shaidar da ya bari.

Na farko dai ba takarda a cikinsa. Mace ta koma gidan iyayenta goyon ciki, in naƙuda ta zo ta durƙusa a ɗaki, sai ta sauka a kira ungozoma ta yanke cibiya, ta wanke jariri, a binne mabiyiya a bayan ɗaki. Ran bakwai a raɗa suna, wanzami ya yi aski. Amma ba a ce ba a ajiye komai ba, don a jikin laƙabi ake rubuta labarin. Ladi da Ɗanladi ranar Lahadi suka zo, Asabe ranar Asabar, Azumi a watan azumi, Marka da tsakiyar damina. Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da ubansa ba, Talle kuwa uwa ce ta rasu ta bar shi. Shekara kuma da abin da ya faru ake kama ta: zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, rasuwar Sarki Ja'afaru a 1959, kisan Sardauna a Janairun 1966, canjin hannun tuƙi a 1972, naɗin Sarki Shehu Idris a 1975. Na sha gwada lissafin tsofaffin matan gidanmu da takardun da na samu, da wuya su kuskure da fiye da shekara guda.

Asibiti irin na Turawa da 'yan mishan ya shigo. Dokta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta Ingila mai suna CMS ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, yana ba da magani yana koyar da boko. A 1929 mishan ta fita daga ganuwa ta koma Wusasa, inda aka gina cocin St. Bartholomew da asibitin St. Luke, daga baya aka buɗe makarantar horar da nas-nas da ungozomomi. Daga wannan 'yar al'umma Dokta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, haka Farfesa Ishaya Audu, likitan yara wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Wanda danginsa Kiristocin Wusasa ne ya fi kowa sa'a a cigiya, saboda ko ba littafin asibiti akwai na baftisma, kuma coci kan rubuta sunan yaro da na iyayensa biyu. Matan cikin birni kuwa sun daɗe suna ɗari-ɗari. Ga kulle, ga kunyar haihuwar fari, ga tsoron likita namiji, ga zargin a juya wa mutum addini. Sai abu ya gagari ungozoma da rubutun sha ake neman motar da za ta kai Wusasa.

Sabon Gari tafiyarsa daban. Tun da layin dogo ya iso garin ya cika da ma'aikatan reluwe, da akawu na kamfanonin auduga da gyaɗa, da 'yan kasuwa daga kudu. Matansu sun saba da awo, saboda haka ungozomomin da suka yi karatu suka riƙa buɗe ƙananan gidajen haihuwa na kansu, gado huɗu ko shida, da sikelin auna jariri, da fitilar ƙwai don dare. Irinsu ne wanda Gwaggo ta nuna mini. Mijin ƙanwarta ne ya dage a kai ta can, don ya ga matan abokan aikinsa nan suke zuwa, kuma an ce sai da aka kai ruwa rana da kakarmu kafin ta yarda. Irin waɗannan gidaje da ran mai su suke rayuwa. In ta tsufa, ko ta rasu, ko ta koma garinsu, sai a rufe, littattafan su bi kayan ɗaki. Rikicin 1966 ma ya kwashe iyalai da yawa daga Sabon Gari zuwa gabas cikin 'yan kwanaki. Har yau akwai dattawa a Inugu da Anaca da in ka tambaye su mahaifarsu za su ce Zariya, kuma ba su da ko guntuwar takarda da ke nuna haka.

Babban sauyi ya zo da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. An kafa ta a 1962, a 1967 aka fara koyar da aikin likita, asibitin gwamnati na Tudun Wada ya zama na koyarwa. Ɗakin haihuwarsa ya zama matattarar duk naƙudar da ta gagara, daga birni da ƙauyukan Zazzau har da na ƙasar Katsina. A nan ne aka yi rubutun haihuwa mafi tsanaki da Zariya ta taɓa gani. Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta Jihar Ribas, shi da abokan aikinsa suka bi haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, daga 1976 zuwa 1979, suna rubuta shekarun uwa, da tsawonta, da yawan haihuwarta, da ko ta yi awo, da yadda ta ƙare. An buga sakamakon a 1985. Mata 238 ne suka rasu, kusan ɗaya cikin ɗari ke nan, kuma mafi yawansu nesa ba kusa ba waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da rai ya kai maƙogwaro aka kawo su. 'Yan mata ƙanana masu cikin fari da matan da suka yi haihuwa da yawa su suka fi shiga haɗari. Wannan aiki na cikin abubuwan da suka farkar da duniya har aka yi taron Nairobi na 1987 kan ceton mata masu haihuwa. Ina yawan tuna cewa jariran da ke cikin wannan lissafi yanzu suna dab da shekara hamsin, suna nan a kasuwar Tudun Wada da azuzuwan Samaru, akasarinsu ba su san an taɓa ƙirga su ba.

A wannan asibiti ne kuma, cikin shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry da Dokta Davidson suka yi nazarin wani ciwon zuciya da ke kama matan Zariya bayan haihuwa fiye da yadda aka saba gani a wasu ƙasashe. Mai jego ta fara kumburin ƙafa, sai haki, sai tari, ta kasa kwanciya sai a jingine. Suka danganta yawansa da al'adun jego: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa mai yawa, wanda gishirin cikinsa ke tara ruwa a jiki. Da na karanta wa Gwaggo alamomin, sai ta yi shiru, can ta ce, "Haka ta yi. Mu muka ce sanyi ne ya shige ta, muka ƙara wuta." Ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Itacen wankan nan da kuɗi aka saye shi, da asuba ake tashi a dafa ruwan, duk don ƙauna. Lafiya lau ƙanwar Gwaggo ta sauka a Sabon Gari, a ɗakin mahaifiyarta ta cika, kwana kaɗan bayan arba'in.

To, a ce ma an dace an samu littafin ɗakin haihuwa, me ke ciki? Sunan uwa, lambar katinta, rana da lokaci, namiji ne ko mace, nauyinsa, da ko da kanta ta haihu ko tiyata aka yi. Sunan jariri ba ya ciki, tunda sai ran bakwai yake samun suna, lokacin an daɗe da sallama. Saboda haka mai neman kansa da sunansa ba zai taɓa ganin kansa ba, sai da sunan uwarsa. Nan ma da sauran aiki. Wata da laƙabi aka rubuta ta, don wadda ta rako ta ba ta iya faɗin sunan yanka saboda sunan surukarta ne. Wata an haɗa ta da sunan miji, wata da na uba, wata da na unguwa. Mai rubutun kuma sau da yawa ba Bahaushiya ba ce, yadda kunnenta ya ji haka ta rubuta. Dole mai cigiya ya zo da shekara, da yanayin gari, da unguwa, da sana'ar miji, ya bi shafi-shafi.

Hukumar da ke riƙe da rajista ita ma ta yi ta sauya hannu. Zamanin En'e ne, sai Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, shekarar da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul. A 1992 doka mai lamba 69 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙasa baki ɗaya, ta danƙa aikin ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60. Asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika a 2005. Babban mutum da ba a yi wa rajista ba, hanyarsa ita ce ya je kotu ya yi rantsuwar shekaru, ya kai wa hukumar ƙidaya ta ba shi takardar shaida. Wannan na biyan buƙatar katin ɗan ƙasa da fasfo da fansho, amma ba ya gaya wa kowa gaskiyar ranar, shi ya sa za ka ga rabin tsararrakin iyayenmu wai duk ran 1 ga Janairu aka haife su. Takardun mulkin Lardin Zazzau suna gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, wasiƙu da rahotannin CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila. Suna da amfani ga mai son sanin yadda aka tafiyar da asibiti, amma ba can ake samun wance ta haifi wane ba. A ganina littafin ɗakin haihuwa da ya haura shekara talatin ya tashi daga kayan ofis ya zama kayan tarihi, kuma garin da ke da sashen tarihi irin na Samaru bai rasa ɗaliban da za su ɗauki hotonsa shafi-shafi kafin gara ta riga su ba.

Mu dai ba littafi ne ya taimake mu ba. Mai unguwa ne ya tura mu wurin wata tsohuwa a bayan kasuwa, wadda ta yi aikin wanki da dafa ruwa a gidan haihuwar tun tana budurwa. Idonta ya tafi, amma kanta garau. Ta ce mai gidan ta rasu da daɗewa, 'ya'yanta suka zo da babbar mota suka kwashe komai zuwa kudu, har da akwatin ƙarfen da littattafan ke ciki. Na durƙusa na ce, "Inna, ko kin tuna wata yarinya 'yar birni, matar wani ɗan reluwe, shekarar sabon kuɗi?" Ta ce 'yan birni ba su fi a ƙirga da yatsu ba a lokacin, sai ta tambaya ko mai wushirya ce, wadda yayarta ta ƙi tafiya gida ta kwana a baranda. Gwaggo ta fashe da kuka. Tsohuwar ta lalubo hannunta ta riƙe, ta ce, "Yaya, ashe ke ce." Ta tuna mijin sarai, don shi ya fara biyan su da sabuwar naira, suka yi ta juya takardar suna kallo. A loko yake aiki, wurin gyaran kan jirgi, kuma Kafanchan aka mayar da shi, ba Minna ba kamar yadda gidanmu suka ɗauka shekara hamsin.

An raba gidan kakanmu ranar Asabar da ta wuce, aka ware ɗaki biyu da ke kusa da rijiya aka kulle, makullin yana hannun Gwaggo. Wani tsohon direban jirgi da ke karɓar fansho ya yi mana alkawarin haɗa mu da 'yan ƙungiyarsu na Kafanchan. Bayan sallah za mu tafi, ni da ita. Ta riga ta ƙulle hoton ƙanwarta na ranar aure a bakin zane, wai ko da bai yarda da maganarmu ba, ya ga wushiryar.