Ku Duba Jikin Yara Kafin Su Kwanta: Kira ga Iyalanmu Mazauna Amurka

Daga watan Mayu zuwa ƙarshen Yuli ake yawan kawo mana yara asibiti da zazzaɓi, ciwon kai da kasala, kuma idan muka bi diddigi sai mu tarar iyalin sun je shan iska a ɗaya daga cikin gandun dajin jiha da ke bakin teku. Ba na hana kowa zuwa. Wuri kamar Bluff Point da ke garin Groton a jihar Connecticut ya dace da iyali ƙwarai, domin hanyarsa mai faɗi ce, ba ta da hawa mai wahala, kuma zagayen bai wuce kilomita 6 ba, ana ratsa inuwar itatuwa har a ɓulla gaɓar ruwa. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a dawo gida a gajiye, a ci abinci, a kwantar da yara ba tare da an duba jikinsu ko akwai kaska ba.

Iyaye da dama suna ce mini ai sun san kaska tun a gida, da ta kama yaro da sun gani. Wannan ba irin ta jikin shanu ba ce. Ƙaramarta ba ta kai ƙwayar riɗi ba, cizonta ba ya zafi, kuma ita ce ke yaɗa cutar Lyme, wadda aka fara lura da ita a 1975 a tsakanin yaran garin Lyme, a wannan jiha ta Connecticut. Galibi sai kaskar ta wuce awa 24 a maƙale kafin ta sa wa mutum cutar, wato daren da kuka kwantar da yaro ba ku duba shi ba, daren ne kuka ba ta.

Wasu kuma jira suke yi su ga jan tabo mai zagaye da ake nunawa a hotuna. Haba 'yan'uwa! A baƙar fata tabon yakan fito da duhu kamar ƙujewa, yakan ɗauki kwana 3 zuwa 30 kafin ya bayyana, wasu ma ba ya fito musu sam. Kafin a ankara gwiwa ta kumbura ko gefen fuska ya saki, iyaye kuwa suna ta ɗura wa yaro maganin zazzaɓin cizon sauro da aka zo da shi daga gida. Na san gajiyar uwa mai yara huɗu bayan yini a waje, amma dubawar nan ba ta cin minti goma.

A yi wanka cikin awa biyu da dawowa. A duba bayan kunne, hammata, cibiya, matsematsi da bayan gwiwa, a kuma bi tsagar kitson 'yan mata ɗaya bayan ɗaya da fitila. A saka tufafin a na'urar busar da kaya minti 10 da zafi sosai. Idan an ga kaska, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a miƙe, ba da ashana ko man shafawa ba, sannan a kira likita a ranar, domin maganin rigakafin da ake bayarwa a wasu lokuta cikin awa 72 da cire ta ake shan sa.