Waiwaye: Yadda littafin Ingilishi na kwaleji ya koma fotokopi

Tun watan Maris na 2025, da sabon kundin ƙasar Nijar ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, maganar littafin Ingilishi ba ta kwanta ba a Tawa. Iyaye na tambayar wanne za su saya wa yaron da ya shiga siziyam, wato ajin farko na kwaleji. Malamai sun rabu: wasu na son a riƙe tsohon littafi, wasu a shigo da na Najeriya ta Ƙonni, wasu kuma sun ce a rubuta sabo. Mai sauraro zai zaci jiya matsalar ta taso, alhali ta haura shekara 30.

Farkon labarin sananne ne. Bayan samun ƴancin kai a 1960 Nijar ta gaji tsarin makarantun Faransa, inda yaro ke fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji, ya yi shekara huɗu, ya gamu da shi a jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji. Daga 1962 Amurkawa ƴan sa-kai na Peace Corps suka shigo, da yawansu suna koyar da harshen. Littattafan farko daga waje suke zuwa, daga baya aka samu jerin English for the Sahel, mai sunaye da garuruwan da ɗan Nijar ya sani.

Abin da ba a cika kawowa cikin wannan muhawara ba shi ne watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa. Dare ɗaya, faran na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Littafin da ake bugawa a Turai, in a da yana isowa kan jika biyu, ya zama jika huɗu, albashi da kuɗin gero kuwa ba su ninka ba. Buga shi a gida ma bai tsira ba, don takarda da tawada da kayan gyaran inji duk da kuɗin waje ake sayo su.

Daga nan ma'aunin zaɓen littafi ya sauya ba tare da wani ya zauna ya yanke hukunci ba. Da ana tambaya ko littafi ya dace da yaro, sai aka koma tambayar ko za a iya samunsa. Kuma littafin koyon harshe ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai na ɗalibi, akwai jagoran malami, akwai na atisaye, wani lokaci har da kaset na sauraro. In kuɗi ya gaza, kaset ake fara yankewa, sai jagoran malami, a bar na ɗalibi. Shi ma sai ya zama guda ɗaya a benci, daga nan ɗaya a aji, a hannun malami.

A duba abin da haka ke yi wa darasi. Hirar layi goma da aka tsara yara su karanta bibbiyu, sai malami ya rubuta ta a allo, su kwafa cikin kaye, wato littafin rubutunsu, a ajin da ya cika maƙil hakan kaɗai na iya cin sulusin awa. Lokacin da aka ware don magana ya tafi a kwafa. Fotokopi ta kawo sauƙi, amma da nata aibi: darasin launuka ya koma baƙi da fari, hoton da ake son yaro ya bayyana ya zama duhu, shafukan nahawu ne kawai ke fitowa sarai. Saboda haka nahawu ake ta koyarwa. Ana yawan zargin malamai da son dokokin nahawu fiye da hira, a ganina abin da inji ya iya fitarwa ne ya koya musu wannan ɗabi'a.

Ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malamai ƴan kwantiragi da yawa, ajujuwa kuma suka ƙaru. Sabon malami shi ya fi kowa buƙatar jagora mai nuna masa darasi mataki-mataki, ya zo ya tarar jagoran ne ya fara ɓacewa. A 2011 Peace Corps ta dakatar da aikinta a ƙasar.

Masu cewa a ɗauko na Najeriya suna da hujjar araha da kusanci. Sai dai an rubuta shi ne don yaron da ya yi firamare da Ingilishi, namu kuwa a siziyam yake jin gaisuwar farko, da Faransancin da bai gama zama a bakinsa ba. Na Turai kuma bai san cewa Bahaushe na haɗa sautin p da f ba, balle ya ba shi atisaye a kai.

Duk kwamitin da zai zauna zaɓen littafi, ya kamata ya karɓi littattafan aji huɗun tare, don a ga ko na sinkiyam, aji na biyu, ya ɗora daga inda na siziyam ya tsaya. A ƙirga sababbin kalmomin darasi guda, in sun wuce abin da yaro zai maimaita cikin awa ɗaya, littafin ya yi nauyi. A kai shafi uku wurin mai fotokopi a ga abin da ya rage. A duba ɗauri: wanda aka ɗinka da zare ya fi jure zafin bazara, na gam kuwa bushewa yake yi, shafuka su zube. Atisaye ya zama wanda ake yi a kaye, don ƙane ya gaji littafin wansa. Sautin darussa a sa shi a katin waya, malami ya kunna ko babu intanet. Sannan kafin a sa hannu, a rubuta wanda zai sake buga littafin da jagoransa idan na farko suka ƙare, da inda kuɗin zai fito.