Mece ce galaksi mai sanda?

Galaksi dandazon taurari ne masu ɗimbin yawa, haɗe da ƙura da iskar gaz, duka ƙarfin janyowa ya riƙe su wuri guda. Wasu a dunƙule suke, wasu ba su da takamaiman siffa, wasu kuma a shimfiɗe suke suna murɗawa daga tsakiya zuwa baki kamar saƙar faifai. A cikin masu murɗawar nan ake samun mai sanda: wani miƙaƙƙen layin taurari ya ratsa cibiyarta, hannuwan da ke murɗawa kuma daga bakin layin biyu suke tasowa. Kusan biyu cikin uku na masu murɗawa da ke kusa da mu haka suke.

Galaksin da duniyarmu take ciki ma mai sanda ce. Farin zanen nan da mutumin Damagaram ke gani ya raba sama biyu, in ya fita bayan gari ta hanyar Mirriya da daren damina bayan ruwa ya wanke hazo, gefen galaksinmu ne. A cikinta muke zaune, shi ya sa ido ba ya kama sandar.

Sandar ba ado ba ce. Ita ke tura gaz zuwa cibiya, can ya taru ya haifi sababbin taurari. Masana sun daɗe suna ɗauka cewa sai galaksi ta manyanta, ta natsu shekaru miliyar da dama, kafin ta yi sanda.

Sai ga wata galaksi mai sanda, mai nisan gaske, da aka sa wa suna CEERS-2112. A Nuwamba 2023 ayarin masana ƙarƙashin Luca Costantin, wanda ke aiki a Sifaniya, suka bayyana ta daga hotunan na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda aka harba sararin samaniya ranar 25 ga Disamba 2021. Haskenta ya yi tafiyar shekara kusan miliyar 11.7 kafin ya iso, kuma a hanya ya miƙe har ya koma irin wanda idon mutum ba ya gani, irin da aka ƙera Webb don ta kama. Shekarun sararin samaniya wajen miliyar 13.8 ne, ke nan muna kallon ta lokacin da samaniya ba ta wuce shekara miliyar 2 da ƴan kai ba. Wannan ne ya fi ba ni mamaki: tun da wuri haka ta riga ta shimfiɗu, sandarta ta fito, ta yi kama da tamu a ƙuruciyarta. Dole masana su sake lissafin yadda galaksi ke saurin girma.