Fim ɗin Faransa da komai a cikinsa waƙa ne: ina daɗinsa, ina aibunsa?

Wane fim ake nufi?

Sunansa Les Parapluies de Cherbourg, wato laimomin Cherbourg, wani gari mai tashar jiragen ruwa a yankin Normandi na Faransa. Jacques Demy ne ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni, Michel Legrand ya tsara kiɗa. Ya fito a 1964, ya lashe Palme d'Or, babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes, ya kuma ɗaukaka sunan Catherine Deneuve tana 'yar shekara 20.

Da gaske babu magana ko ɗaya a ciki?

Babu. Wanda ya saba da fina-finan Indiya da na Kannywood ya san waƙa tana da lokacinta: labari ya tsaya, a rera, a taka rawa, sannan a koma. Demy bai bi wannan hanya ba, labarinsa ba ya tsayawa don a taka rawa. Da waƙa bakanike yake gaya wa mai mota cewa injin yana ɗan ƙara idan ya yi sanyi, da waƙa uwa take kukan bashi. Shi kansa Demy ya san abin zai ba mutane dariya, shi ya sa tun a farko ya sa wani bakanike ya ce shi ba ya son wasan da mutane ke ta waƙe-waƙe, ya fi son silima, kuma da waƙa ya faɗi hakan.

Inda ya yi kama da namu shi ne muryoyin. An fara naɗar waƙoƙin ne a situdiyo, 'yan wasa suka bi da baki. Danielle Licari ce ta yi wa Deneuve murya, José Bartel ya yi wa jarumin fim ɗin, Nino Castelnuovo.

Mene ne labarin?

A watan Nuwamba na 1957, Geneviève (Deneuve), budurwar da ke taya mahaifiyarta sayar da laima, tana soyayya da Guy, bakanike a wani gareji. Sai aka kira shi aikin soja na dole a yaƙin Aljeriya. Ya tafi ya bar ta da ciki. Wasiƙunsa suka yi ƙaranci, shago na fama da bashi, ga wani attajiri mai cinikin lu'ulu'u, Roland Cassard, ya ce ya ji ya gani, zai aure ta da cikin. Ta amince. Guy ya dawo a 1959 da rauni a ƙafa, ya tarar an rufe shagon. Bayan ya sha wahala, ya auri Madeleine, wadda ke jinyar gwaggonsa, ya buɗe gidan mai da kuɗin gadon da gwaggon ta bar masa.

To me ya sa har yanzu ake yabonsa?

Na farko launi. An yi wa bangaye ado da ruwan hoda da kore da shuɗi masu ɗaukar ido, har wani lokaci rigar Geneviève takan saje da adon bangon ɗakin. Akwai inda masoyan biyu ke tafiya a titi da dare ba tare da ɗaga ƙafa ba, domin a kan wani dandali mai taya aka ɗora su ana ja, sai ka ga kamar titin ne ke tafiya da su. Sai kiɗan Legrand, musamman na rabuwa a tashar jirgin ƙasa, wanda ke dawowa sau da yawa har ya zauna a kunne.

Amma a ganina ƙarfinsa yana ƙarshensa. Disamba 1963, dusar ƙanƙara na zuba, wata baƙar mota ta tsaya shan mai a gidan man Guy. Geneviève ce, cikin tufafin masu kuɗi, da 'yarsu a mota. Suka shiga ofis, suka yi 'yar gaisuwa irin ta waɗanda ba su da abin faɗa. Yaron gidan mai ya leƙo yana tambayar wane irin fetur za a zuba. Ta tambayi Guy ko yana son ganin yarinyar, ya ce a'a. Ta tafi, matarsa da ɗansa suka dawo, ya shiga wasa da ɗan nasa. Babu mugu a labarin, babu wanda ya mutu don soyayya. Talauci da nisa da matsin uwa ne suka raba su, kowa kuma ya ci gaba da rayuwarsa. Ba kowane mai shirya fim ke da zuciyar rufe labari haka ba.

Ina aibunsa?

Waƙar da ba ta yankewa tana gajiyar da wasu, kuma suna da gaskiyarsu. Tsakiyar fim ɗin yana jan ƙafa, uwa da 'ya suna ta maimaita zance ɗaya a ɗaki. Roland ya zo a daidai lokacin da ake neman mai kuɗi, ba shi da wani aibu, sai ka ga hannun marubuci a fili. Madeleine kuwa an yi mata rowa, ba ta da aiki sai haƙuri da jira, ga shi ita ce ta ƙare da jarumin.

Yaƙin Aljeriya fa, an nuna shi?

Ko kusa. Yaƙin da aka yi daga 1954 zuwa 1962, wanda ya ci rayukan ɗimbin mutanen Aljeriya, ya zama wasiƙa da ɗingishin saurayi kawai. Ba a ga ɗan Aljeriya ko ɗaya ba. Masu kare Demy suna cewa ambaton yaƙin ma jarumta ce a lokacin, tunda gwamnati ta hana nuna wani fim ɗin darakta Jean-Luc Godard kan batun har 1963. Haka ne, amma mai kallo daga Afirka ba zai kasa lura da cewa asarar da aka yi wa kuka ta Bafaranshe ce kaɗai ba.

Wane kwafi ya kamata a nema?

Wanda aka gyara. Faifan Eastmancolor da aka ɗauke shi da shi yana koɗewa, tsofaffin kwafi duk sun dusashe. Bayan rasuwar Demy a 1990, matarsa Agnès Varda, wadda ita ma mai shirya fim ce, ta tsaya aka dawo da launukan asali. Idan aka ga bangon ya yi fari-fari, tsohon kwafi ne.