Kare da Kayan Zaƙi na Fulawa

Kek, biskit, donat da sauran kayan zaƙi da ake gasawa domin mutane ba abincin kare ba ne. Ɗan gutsure na kek marar haɗi ba ya kashe lafiyayyen kare, sai dai ya kawo amai ko zawo na yini guda. Haɗarin gaske yana cikin abubuwan da ake zubawa a kwaɓin, waɗanda sau da yawa ido ba ya ganinsu.

Na farko shi ne cakulan. Yana ɗauke da sinadarin tiyobiromin, wanda jikin kare ke jinkirin fitarwa: sai bayan kusan awa 17 rabinsa ke barin jini. Alamun guba suna fara bayyana daga miligiram 20 na sinadarin a kowane kilo na nauyin kare, zuciya tana rikicewa daga 40 zuwa 50, jijjiga kuma daga 60. Ga kare mai kilo 10, kimanin giram 100 na cakulan mai madara ya isa ya fara cutar da shi, amma baƙin cakulan na girki giram 15 kawai ya isa. Garin koko ya fi su duka ƙarfi.

Wanda ya fi saurin kisa shi ne zailitol, madadin sukari da ake sawa a kayan da aka ce ba su da sukari. A jikin leda ana rubuta shi xylitol ko E967. Yana sa jikin kare ya zubo insulin (sinadarin da ke rage sukarin jini) da yawa, sukarin jini ya faɗi cikin minti 30 zuwa awa guda, kare ya riƙa layi, ya faɗi. Giram 0.1 a kowane kilo ya isa haka, daga 0.5 kuma hanta na iya lalacewa.

Zabibi da inabi suna iya kashe ƙoda, kuma babu adadin da aka tabbatar ba shi da illa, don haka ko kaɗan kare ya ci a kai shi asibiti. Gyaɗar makadamiya tana sa ƙafafun baya su saki. Ɗanyen kwaɓi mai yis yana ci gaba da tashi a cikin ɗumin ciki, ya kumbura shi, ya kuma samar da barasa da ke shiga jini. Mai da bota masu yawa suna jawo kumburin fankiriyas (gaɓar da ke taimaka wa narkar da abinci), ciwo mai tsanani da kan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu.

Idan kare ya ci irin waɗannan, a lura da abin da ya ci, yawansa da lokacin, a ɗauki ledar a tafi wurin likitan dabbobi ba tare da jiran alamu ba. Cikin awa biyun farko likita na iya sa shi amai da allura, ya ba shi gawayin magani. Kada a ɗura masa gishiri a gida don ya yi amai, domin gishirin kansa guba ne.