Kafin ka ƙara ma'aikaci ko ka ƙara farashi, duba wannan

Jama'a masu ƙananan sana'o'i don Allah a tsaya a karanta, abin nan yana damuna. Mutum zai ga kasuwa ta ɗan buɗe sai ya ɗauko ƙarin yara ya cika shago, ƙarshen wata kuma yana kukan aiki ya ƙaru amma kuɗi ba sa zama.

Mu malaman gona mun fi kowa sanin wannan, buhun taki na farko gona za ta amsa sosai, na biyu ta amsa amma bai kai na farko ba, ana zuwa wani wuri sai dai asarar kuɗi, wani lokacin ma shukar ta ƙone. Tun wajen 1767 wani Bafaranshe mai suna Turgot ya rubuta wannan akan noma, kuma haka yake a kowace sana'a. Ɗauki tela mai keke biyu, misali. Shi da yaronsa suna ɗinka riga 10 a rana, ya ƙara mutum na uku yana yanka yana guga suka koma 14, toh wannan ya biya kansa. Ya ƙara na huɗu suka koma 15, shi wannan riga ɗaya kacal ya ƙara, ba don rago bane, keken ne biyu, rabin yini yana zaune yana jiran wani ya tashi. In ladansa na rana ya fi ribar riga ɗaya to kullum daga aljihunka kake biyansa kai kuma kana murna wai an kai 15. Keke na uku kake buƙata, ba hannu na huɗu ba.

Sai maganar farashi, nan ma mutane suna ta faɗawa rami. Alfred Marshall na Ingila ne ya yaɗa yadda ake auna ta a 1890: in farashi ya motsa, da kashi nawa ciniki ya motsa? Ka ƙara kashi 10 cikin 100, ciniki ya ragu da kashi 20, abin da zai shigo maka ya ragu da kashi 12 kenan. Amma in kashi 4 kawai ya ragu, kuɗin shiga ya ƙaru da kusan kashi 6. Kayan da dole sai an saya kamar maganin mai ciwo, ƙari bai cika korar mai saye ba, amma kayan da maƙwabcinka yake da irinsa sak, kana ƙarawa kwastoma zai tsallaka. Kuma kar sati na farko ya ruɗe ka, mutane suna ɗaukar lokaci kafin su gano wani wajen.

Abu biyun nan a haɗe suke, domin ko ka samu ka ƙara yawan kayan, in sai ka karya farashi sosai kafin su fita, ribar ta tafi ta can. Shi yasa nake roƙo a samu littafi ko a waya ne, a rubuta kayan da aka yi, na nawa aka sayar, nawa aka kashe, kuma abu ɗaya za ka canza a lokaci guda ka ba shi kamar wata ɗaya, in ka ƙara yaro da farashi rana ɗaya ba za ka gane wanne ya taɓa cinikin ba.