Ƙarin Ruwa: Me Ke Cikin Ledar, Me Mai Jinya Zai Sa wa Ido?

A Kano, da zarar jiki ya yi laushi sai ka ji an ce "a saka masa ruwa mana." Wasu ma in suka je asibiti aka sallame su da ƙwayoyi kawai, gani suke likita bai duba su da kyau ba. Ga amsar tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Mene ne ƙarin ruwa?

Hanya ce ta zuba ruwa ko magani kai tsaye cikin jijiyar jini, ba tare da ya bi ta ciki ba. Shi ya sa yake aiki nan take, kuma shi ya sa kuskurensa ba ya gyaruwa da sauƙi: abin da ya shiga jijiya ba a amayar da shi. Wani likita a Sikotilan, Thomas Latta, na cikin waɗanda suka fara gwada shi a 1832 a kan masu kwalara. Har yau amai da gudawa mai tsanani na cikin manyan dalilan da ke sa a rataya wa mutum leda, kamar yadda ake gani a Asibitin Zana, na masu cututtuka masu yaɗuwa a Kano, duk lokacin da cutar ta ɓarke.

Duk ledojin iri ɗaya ne?

A ido kam duk farin ruwa ne, amma karanta rubutun jikinsu. Wanda aka rubuta wa 0.9% shi ne nomal salin, wato ruwa mai gishiri giram 9 a kowace lita. Akwai destros 5%, ruwan sukari. Akwai ringas, mai ɗauke da gishiri da wasu sinadaran da jiki ke zubarwa a gudawa, shi aka fi so ga mai kwalara. Likita ne ke zaɓa gwargwadon ciwon. Mai ciwon suga ba a ɗaura masa ruwan sukari kara zube.

Ruwan nan mai launin rawaya da mutane ke ɗauka ya fi ƙarfi, galibi bitamin B aka zuba a ciki, shi ya rina shi.

To ba ya ƙara ƙarfi ke nan?

In jiki ya bushe, yana dawo da mutum hayyacinsa, har ka ga wanda aka kawo ranga-ranga ya buɗe ido yana neman koko. Amma ga wanda gajiya ce kawai ke damunsa, ledar destros mai mililita 500 sukari giram 25 ne a cikinta, bai kai na kwalbar lemo ɗaya ba. Nomal salin kuwa babu abinci a cikinsa ko kaɗan. Kuma ruwa ba ya ƙara jini. Wanda jininsa ya yi ƙasa sosai ƙarin jini ake masa, wanda aikinsa daban ne, da gwajinsa da irin tiyonsa mai matata.

Zazzaɓin cizon sauro ma ba ruwan ke kashe shi ba. In ya yi tsanani, maganin da ake kira atesunet ake bayarwa ta jijiya.

Yaushe ne ya zama dole?

Idan mara lafiya ba ya iya sha, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko ya suma, ko ya zubar da jini mai yawa kamar bayan haihuwa ko haɗarin mota, ko za a shiga da shi tiyata, ko maganin da yake bukata ta jijiya kaɗai ake ba da shi. In kuwa baki na karɓa, to bakin ya fi. Yaro mai gudawa da ke iya sha, ruwan gishiri da sukari na sacet, ORS, shi ne maganinsa na farko, a dama a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a kuma ba shi maganin zinki.

Allurar tana zama a cikin hannu?

A'a. Abin da ake sakawa kanula ce. Nas za ta ɗaure damtse, ta ce ka dunƙule hannu, ta goge wurin da auduga da sifirit, ta soka. Da jini ya leƙo a bayan kanular sai ta zare ƙarfen, ta bar siririyar roba mai laushi a jijiya, ta manne da filasta. Don haka motsa hannu kaɗan ba zai huda ka ba.

Launin kanula girmanta yake nunawa. Rawaya ta jarirai ce, shuɗiya ta yara da masu ƙananan jijiyoyi, ruwan hoda ita ce ta yau da kullum ga manya, koriya mai faɗi ce, ana son ta wajen ƙarin jini da tiyata. In kika ga ana ta laluben hannun ɗanki a Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko an koma ƙafa, ba lallai rashin ƙwarewa ba ne. Yaron da ruwan jikinsa ya ƙare jijiyarsa ɓuya take yi.

Me ya sa ake hana mai jinya murza ɗan tayar nan na jikin tiyo?

Nan ne aka fi yin ɓarna. Ɗan tayar shi ke ƙayyade gudun ruwan, kuma gudun lissafaffe ne. A tiyon manya ɗigo 20 ne mililita ɗaya, saboda haka ledar mililita 500 da aka ce ta ƙare cikin awa 8 kusan ɗigo 21 za ta riƙa yi a minti. Idan ka ga nas ta tsaya tana kallon ƙoƙon ɗigon tana duba agogo, ƙirga take. Sai ta juya baya, ɗan'uwa ya ga ruwa "ba ya tafiya", ya buɗe shi gaba ɗaya don a gama a tafi gida kafin magariba.

Ruwan da ya yi yawa ko ya yi sauri yana iya taruwa a huhu. Masu ciwon zuciya, masu ciwon ƙoda, tsofaffi, jarirai da yara masu tamowa su suka fi shiga haɗarin. Yaro mai tamowa ma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a ba shi ruwa ta jijiya sai in ya galabaita matuƙa. Shi ya sa ruwan yara ake auna shi a wata 'yar gora mai layuka kafin ya sauka.

Me zan gani in kira nas?

Wurin kanular ya kumbura ya yi sanyi, alamar ruwa ya bar jijiya yana zuba a tsoka. Ko ya yi ja, da zafi da raɗaɗi. Ko mara lafiya ya fara rawar sanyi, ƙaiƙayi, ko numfashi sama-sama. Wannan kada a jira. Haka in leda ta kusa ƙarewa. Jinin da ke ɗan dawowa cikin tiyo idan an ɗaga hannu ko leda ta ƙare ba abin tashin hankali ba ne, ƙananan kumfan iska ma haka, amma iska mai tsawo a tiyo a nuna wa ma'aikaci.

A saka min a kemis ko a gida, akwai laifi?

Lasisin masu ƙananan shagunan magani na unguwa bai ba su damar yin allura ko saka ruwa ba. Matsalar ba samun jijiya ba ce, wannan hannu na iya sabawa. Matsalar ita ce sanin wane ruwa, nawa, ga wa, da abin da za a yi in jiki ya ƙi shi. Ga kuma tsabta: kanula da tiyo da sirinji sau ɗaya ake amfani da su, maimaita su na yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Ko a asibiti, ka ga an fasa sabo a gabanka, ka duba ledar ba ta yoyo, ruwan bai gurɓace ba, wa'adinta bai wuce ba.

Yana karya azumi?

Malamai da yawa sun bambanta allurar magani da ruwan da ke maye gurbin ci da sha, suka ce na biyun yana karyawa. Wanda ciwo ya kai shi ga ƙarin ruwa dai yana da rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya. Ga bayanin halinka na musamman, tuntuɓi malaminka tare da abin da likita ya faɗa.